Kusurwoyin firam ɗina sun buɗe baki da shigowar hunturu

Mai Zayyana, Runjin Sambo:
Assalamu alaikum, 'yan'uwa. Ina zanen fenti a kan yadi, wani lokaci kuma zayyana a takarda, kuma tsadar firam na kanti ce ta sa na fara haɗa nawa a gida da zarto, guduma, ƙananan ƙusoshi da gam. Wanda na yi a watan Satumba ya zauna daram, amma da hunturu ya kankama sai kusurwoyinsa huɗu suka buɗe ta ciki, har farce yana shiga. Yankana ne bai yi daidai ba, ko katakon ne?

Tsohon Kafinta, Mabera:
Wa alaikumus salam, ɗana. Tun da ta ciki suka buɗe, kuma bayan watanni, katakonka ne bai gama bushewa ba. Yawancin katakon da muke saye daga kudu ake kawo shi da sauran danshi, kai kuma ka yi aikin a ƙarshen damina. Da iskar hunturu ta buge shi sai ya tsuke ta faɗinsa, tsawonsa kuwa yana nan, shi ya sa bakin ya buɗe. Ka riƙa jingine shi a inuwa makonni kafin ka sa masa zarto, kuma kada faɗinsa ya wuce inci 2, domin mai faɗi ya fi tsukewa. Ni maɗaci na fi so, ko da yake yana da tauri. Farin katako yana da daɗin yanka, amma gara ba ta raga masa.

Batun yanka kuma, kada ka amince da ido. Ka haɗa katako uku kamar kwalbati, ka tsaga masa hanyar zarto a kan digiri 45 da sukwaya, wato ma'aunin kusurwa na kafintoci, duk yankan da za ka yi ya bi ta nan. Sanduna biyu masu fuskantar juna ka haɗa su baya da baya, tsawonsu ya zo ɗaya. Bakin yanka yana shanye gam, saboda haka ka shafa kaɗan, ka jira ya sha, ka ƙara. Sannan ka zagaye firam ɗin da igiya, ka cusa gutsattsarin katako biyu a kowane gefe, ka tura su wajen kusurwa har igiyar ta ɗame. Ka auna daga kusurwa zuwa kishiyarta ta ɓangarorin biyu; idan awon ya zo ɗaya, aiki ya miƙe. Ƙusa sai washegari.

Malamar Zane, Arkilla:
Baba ya gama magana, Allah Ya ƙara girma. Abin da zan ƙara, Malam, shi ne gurbin da zanen zai zauna ta baya: idan ba ka da abin fere shi, ka manna siririn katako a bayan mai faɗin, gurbi ya samu, kuma ka bar rarar kamar milimita 3 don kada zanen ya takura. Zayyanar takarda tana buƙatar gilashi saboda ƙurarmu, amma ka sa kwali ta gefe-gefe tsakanin takardar da gilashin don kada su taɓa juna. Na taɓa asarar wata da tawadarta ta manne da gilashi a damina, kuma har yau abin yana yi mini ciwo.

Mai Zayyana, Runjin Sambo:
Na gode, Baba, na gode, Malama. Na auna tsohon firam ɗin yanzu, faɗinsa inci 3 ne. Sauran katakon yana zaure tun Satumba, da shi zan sake gwadawa.