Za mu tashi daga unguwar Bagalam ta Maraɗi, ku ba ni shawara

Maman Biyu: Salamu alaikum ƴan zaure. Mai gidan da muke haya ya ce ɗanshi zai yi aure, mu ba shi gida ƙarshen wata, mun samu wani a unguwar Ali Ɗan Sofo amma wallahi kaina ya ɗau zafi, shekara 11 a wuri guda, kaya ko'ina, ɗiya suna kuka ba su son barin abokansu na lakkwal. Ta ina zan soma?

Mai Shagon Kasuwa: Wa alaikis salam Hajiya. Kafin komi ki tura maigida ya duba kwantar wuta da ta pampo, a ga fatura ta ƙarshe, kar ku gaji bashin wani. Abansin da kuka bada kuma a rubuta takarda gaban shaidu, har kuɗin dillali.

Ɗan Kabu-kabu: Ki ɗau kamiyo guda da asuba ki huta. Amalanke ta fi sauƙin kuɗi amma sawu nawa za ta yi? Kwali ki roƙi masu shago tun yanzu. Ki duba jikin bango ko akwai alamar inda ruwan damina ya taɓa tsayawa.

Inna Ta Mokoyo: Ɗiyata kwantar da hankalinki. Ni sau 4 na tashi, na ukun shi ne ban mantawa, ina kwashe ƙarƙashin gado sai ga kwallar mahaifiyata Allah ya jiƙanta, da zanen da ta goye ni da shi a ciki, na zamna na sha kukana har la'asar kaya na zube tsakar gida. Da ba don tashin ba yaushe zan buɗe ta? Ki ware kaya kashi biyu, abin da kika shekara biyu ba ki taɓa ba ki bada shi sadaka tun a tsohuwar unguwa, kuma ki bi maƙwabta gida gida ki yi bankwana ki nemi gafara, har wadda kuke ƴar tsama da ita, ita ma fi.

Maman Biyu: Inna kin sa ni hawaye. Wadda muke tsamar kuwa ita ta fara kawo min igiya da buhunna jiya.

Malam Na Lakkwal: Ki gaya ma ɗiyan garin ma kanshi ya taɓa ƙaura. Maraɗi ta da a cikin fadama take bakin Gulbi, ambaliyar 1945 ta cinye ta, aka hau tudu aka yanka sabbin unguwanni, shi ya sa hanyoyin tsakiyar gari suke miƙe sak. Kafin nan ma Katsinawan Sarki Ɗan Kasawa da ƙaura suka zo bayan jihadi. Su da za su canza unguwa kawai ai da sauƙi.

Ɗan Kabu-kabu: Malam ya kawo tarihi cikin ɗaurin kaya hhh. Zama wuri ɗaya tsautsayi in ji kifi.

Inna Ta Mokoyo: Ranar shiga a share a sa turaren wuta, a karanta Baƙara, ki dafa shinkafa da wake ki aika ma maƙwabta, maigida ya je ya gaida mai unguwa da liman. Tukunya, murhu da tabarma su hau mota ƙarshe don su fara sauka.

Maman Biyu: Na gode ƙwarai Allah ya bar zumunci. Ɗan Kabu-kabu turo min lambar mai kamiyon ta gefe, Asabar muke so.