Mai tallan intanet da bai iya kod ba, aikinshi ya cika?

Daga zauren WhatsApp na masu tallata kaya a intanet, Yamai.

Ɗan Adar: Salamu alaikum ƴan uwa. Ina da magana, na san za ta yi ma wasu zafi. Duk wanda ke amsar kuɗin ɗan kasuwa da sunan zai yi mishi talla a intanet, amma bai iya buɗe shafi ya gyara layi biyu na HTML, wato kod ɗin da ake gina shafin intanet da shi, ba, aikinshi rabi ne. Danna Booster, maɓallin talla na kuɗi a Facebook, yaron shago ma yana iyawa.

Hajiya Mai Turare: Wa alaikumus salam. Ɗana, ka yi hanzari. Ni turaren wuta da humra nake saidawa, kuma duk cinikina a WhatsApp yake. In ɗauki hoto in sa a status, mace ta aiko min da murya, mu daidaita, ta turo kuɗi ta Nita ko Amana, in ba ɗan kabu-kabu ya kai mata. Da yawa cikin masu sayena ba su karanta dogon rubutu, murya suke so su ji. Ina HTML ya shigo nan?

Mai Hoto: Hajiya ta gama magana. Talla sanin mutane ne da iya zance da kyakkyawan hoto. Ko shafin ma, WordPress, manhajar gina shafi, tun 2003 yake, yau fiye da kashi 40 cikin ɗari na shafukan duniya a kanshi suke, kuma mutum na iya tada shafi bai rubuta kod ko layi guda ba. Ga ChatGPT, ka faɗa mishi abin da kake so ya rubuto maka. Don mi za mu ɗora ma kanmu aikin injiniyoyi?

Ɗan Adar: Hajiya, Allah ya ƙara girma, ba da ke nake ba. Ke kayanki kike saidawa, kin san masu sayenki ɗaya bayan ɗaya. Da mu nake, da muke amsar kuɗin wasu. Wani mai kilishi ya kawo min aiki. An riga an yi mishi shafi, amma in anka tura adireshin a WhatsApp sai ya fito tsirara, ba hoto, ba suna, shuɗin rubutu kawai. Wa ke danna irin wannan? Mutane tsoro suke ji, suna cewa na ƴan damfara ne. Wanda ya gina shafin ya yi tafiya, waya ba ta shiga. Matsalar layi guda ce a saman shafin, wanda ake ce ma og:image, shi ke faɗa ma WhatsApp da Facebook hoton da za su nuna. Na sa shi, na sake turawa, sai ga kilishi ja wur da yajinshi a kan takarda. Da ban san wurin ba, da sai dai mu zauna jira, kuɗin talla na ta zuba.

Malamin Kwamfuta: Ni ina tsakani, amma na fi karkata wajen Ɗan Adar. Abin da ya fi ci min rai shi ne nauyin shafi. Hoton da waya ta ɗauka yakan kai mega 4 ko 5. A jera goma a shafi guda, ga mega 40 ko fiye. Mai saye na Tawa ko Madawa, reso na zuwa yana ɗaukewa, forfe ɗinshi kaɗan ne. Ya danna talla, ya ga fari fat, ya jira, ya fita. An cire kuɗin dannawar, ba a sayar da komai ba, sai mai talla ya koma ya ce ma Alhaji kasuwa ce babu. Alhali da an rage girman hotunan, an maida su WebP, nau'in hoto mara nauyi, da shafin ya buɗe nan take. Wanda bai san yadda shafi ke lodi ba, ko tunanin wannan ba zai yi ba.

Sai aunawa. Meta Pixel ɗan guntun kod ne na JavaScript da ake mannawa a kan shafi, shi ke nuna wa ya shigo daga talla, wa ya danna oda. Haka alamun UTM da ake ƙarawa a wutsiyar adireshi, su ke raba maka wanda ya zo daga Facebook da wanda ya zo daga TikTok. In babu su, rahoton da za ka kai ma mai kaya yawan masu so da sharhi ne kawai, shi kuwa ciniki ya biya.

Inda na saɓa da kai, ƙanena Ɗan Adar, kalmar rabi. Ba a ce mai talla ya zama injiniya ba. Direban da ke bin hanyar Ƙonni zuwa Tawa ba makanike ba ne, amma dole ya iya canza taya da duba mai. Iyakar abin da nake nema ke nan.

Ƴar Wadata: Malam, duk na ji, amma ku dubi waɗanda ke cikin zauren nan. Mu nawa ke da kwamfuta? Yawancinmu da waya muke aiki, ita ma sai in akwai wuta. Darussan kuma da Faransanci ko Turanci suke. In kunka ce wanda bai iya kod ba bai cika ba, ƴan mata da yawa da ke ci da kansu da wannan aiki za su ja baya. Kuma ɗan sani yana da haɗari. Na ga wanda ya taɓa fayil guda a shafin mai kaya, ya goge alama ɗaya, shafin duka ya mutu ana gobe Salla.

Malamin Kwamfuta: Gaskiyarki, ƙanwata. Shi ya sa darasin farko shi ne ajiye kwafi kafin a taɓa komai. Amsar Mai Hoto ma ke nan a kan ChatGPT. Zai rubuto maka kod, amma kai za ka manna, kuma sai ka san head da body, wato kan shafi da jikinshi, kafin ka san inda za ka sa shi. In ya yi kuskure, wanda bai iya karantawa ba ba zai gane ba.

Ɗan Adar: Ku tuna 4 ga Oktoba 2021, Facebook da WhatsApp da Instagram sunka ɗauke kusan awa shida a duniya baki ɗaya. Maƙwabtanmu Najeriya kuwa an rufe musu Twitter daga Yuni 2021 har Janairu 2022. Wanda duk kasuwarshi ke kan dandalin wani, ranar da anka rufe ba ya da ta cewa. Shafinka mai .ne, wato adireshin intanet na Nijar, naka ne.

Mai Hoto: A ranar, mutum nawa a Yamai sunka je neman shafi? Waya sunka buga ma mai kaya. Mutanenmu ba su saba da shafi ba, kada mu ruɗi kanmu.

Ɗan Adar: Na unguwa, haka ne. Amma mai neman albasar Galmi daga Abijan ko Akara fa, wanda bai da lambar kowa? Google yake tambaya, kuma Google ba ya ganin status ɗinka. Ofisoshi da ƙungiyoyi ma, kafin su ba ka kwangila sukan leƙa su ga ko kana da shafi.

Hajiya Mai Turare: To Malam, ni akwai abin da zai amfane ni a ciki, ko duk na masu kwangila ne?

Malamin Kwamfuta: Akwai, Hajiya. Ki rubuta wa.me/227 ki bi shi da lambarki takwas, ba alamar ƙari, ba tazara. Duk wadda ta danna, kai tsaye za ta faɗo cikin hirarki ko ba ta ajiye lambarki ba. In kin ƙara ?text= da ƴar jimla a baya, za ta tarar an rubuta mata saƙon, turawa kawai za ta yi. Ki sa shi ƙarƙashin kowane bidiyo.

Hajiya Mai Turare: Wannan kam zan sa jikata ta yi min yau da dare. Allah ya saka.

Mai Hoto: To a gwada mu gani. Kaya iri ɗaya, kuɗin talla daidai, ni in tura mutane WhatsApp kai tsaye, Ɗan Adar ya tura su shafinshi. Ƙarshen wata kowa ya kawo yawan odar da ya samu, ba yawan dannawa ba.

Ɗan Adar: Na yarda. Ƴar Wadata ta zaɓi kayan, Malam ya riƙe lissafi.