Taƙaitawa: bugun zuciya mai riga lokaci, saukar jini da na'urar awo ta gida

Ga abin da aka fi yarda a kai a tattaunawar da aka yi kan waɗannan batutuwa:

1. Jin kamar zuciya ta tsallake bugu ɗaya sannan ta buga da ƙarfi: bugu ne ya zo da wuri, zuciya ta ɗan dakata, ta ƙara cika da jini. Ga mai lafiyayyar zuciya, galibi ba hatsari.

2. Wannan bugun yakan zo da rauni, na'urar auna hawan jini da ake ɗaurawa a hannu ta kasa ƙirga shi. Sai ta nuna bugu 45 a minti alhali ya fi haka, ko ta fito da alamar bugu marar tsari. A zauna minti 5, hannu daidai ƙirji, a auna sau biyu da tazarar minti ɗaya, safe da yamma, kwana 7, a rubuta. Tabbatarwa kuwa sai gwajin ECG, wanda ke zana yadda zuciya ke bugawa.

3. Awon jini ƙasa da 90/60 ana kiransa saukar jini, amma in ba jiri, wasu haka jininsu yake. Abin dubawa shi ne lambar sama ta faɗi da 20 cikin minti 3 bayan miƙewa.

An rabu kan goro da kofi: wasu sun ce a bari, wasu sun ce a rage a ga bambanci. Haka ƙarin gishiri ga mai saukar jini; ni dai ina ganin sai da izinin likita.

Ba wanda ya yarda a dakatar da maganin hawan jini ba tare da izinin likita ba. Suma, ciwon ƙirji ko haki: asibiti nan take.