Waɗanda suka ɗauko mage daga gidan dabbobi a Amurka: an rage muku haraji?

Maman Hanif, Bronx:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Yara sun matsa min lamba sai da muka ɗauko mage a gidan kula da dabbobi. Na biya kuɗin ɗauka, an yi mata rigakafi da aikin hana haihuwa. Maƙwabciyata ta ce in adana rasit, wai za a rage min a haraji. Don Allah wanda ya taɓa yi ya faɗa mana yadda ta kaya.

Baban Khadija, Houston:
Wa alaikumus salam Maman Hanif. Na kai nawa rasit ɗin wajen mai cike min takardu, ya duba ya miƙo min abina. Ya ce hukumar haraji ta Amurka, IRS, ba ta ɗaukar wannan kuɗi a matsayin kyauta, tunda ka biya an ba ka mage, ciniki ke nan. Abin da ka ɗora a kai don raɗin kanka shi ake lissafawa, shi ma sai gidan yana cikin waɗanda IRS ta amince da su, kamar masu rajistar ƙungiyar agaji da ake kira 501(c)(3).

Hajiya Ummi, Columbus:
Ni riƙo nake yi. Ƙungiya ce ke kawo min 'yan kyanwa da aka tsinta, wasu ko ido ba su buɗe ba, in riƙa tashi cikin dare ina ba su madara da ɗan bulumboti har su yi ƙwari a samo musu gida. A nan kam akwai rangwame, domin hidimar ƙungiyar kike yi da aljihunki. Madara, abinci, ƙasar da suke kashi a ciki, kuɗin likitan dabbobi, duk suna shiga. Zirga-zirgar mota ma ana lissafa senti 14 a kowace mil.

Wata mata ce a Oakland, Jan Van Dusen, ta share mana hanya. IRS ta ƙi amincewa da abin da ta kashe kan magunan riƙo, suka je Kotun Haraji, a 2011 kotu ta yarda cewa irin wannan ɗawainiya kyauta ce. Sai dai ta yi asarar duk kashewar da ta kai dala 250 ko fiye, saboda ba ta karɓi takardar shaida daga ƙungiyar ba. Shi ya sa duk watan Janairu nake bin su sai sun rubuta min. Rasitai kuwa a robar biskit nake tarawa.

Malam Sani, Chicago:
Hajiya, Allah ya ba da lada. Amma ni da na zauna na jera komai a fom ɗin Schedule A, inda ake lissafa abubuwan neman ragi ɗaya bayan ɗaya, bai kamo ƙafar ragin bai-ɗaya da ake yi wa kowa ba, wanda ya kai dala 14,600 ga mutum ɗaya a 2024. Ko sisi ban gani ba. Abin yana ci min rai, don gidajen nan cike suke, idan wuri ya ƙure wasu dabbobin allura ake musu su mutu. A 2009 ɗan majalisa Thaddeus McCotter ya kawo ƙudurin rage har dala 3,500 na ɗawainiyar dabba, bai kai labari ba.

Anti Rabi, Atlanta:
Malam, akwai ɗan sauƙi yanzu. Daga harajin 2026, ko ba ka cike Schedule A ba, za a rage maka kyautar tsabar kuɗi har dala 1,000, miji da mata 2,000. Ni da na ɗauko tawa na ƙara musu wani abu, na ce a raba min rasit biyu, na ɗauka daban, na kyauta daban. Nan take yarinyar da ke kan tebur ta buga min.