Neman kalmar Hausa: me za mu kira "white balance" a darasin gyaran hoto?

Mai Darasi, Zoo Road: Assalamu alaikum. Ranar Asabar za a fara koya wa sababbin yara gyaran ɗanyen hoto, wato fayilolin RAW irin su CR3 da NEF da ARW, kuma jibi Alhamis takardar darasin za ta shiga hannun mai ɗab'i. Na maƙale a "white balance". Wato gyaran launin da hasken wuri yake zuba wa hoto. Ga jimlar: "Idan hoto ya fito da rawaya ko ya yi shuɗi, fara duba ______ kafin ka taɓa komai." A taimaka a cike min.

Ɗan Fagge: Daidaiton fari. Shi ke nan, a wuce wurin.

Hajiyar Situdiyo: Ɗan Fagge, a bakin aiki aikatau ake buƙata, ba suna ba. "Daidaita fari kafin ka gyara fata." Ka ji ya zauna a baki.

Baban Kyamara: Hajiya, ya zauna a baki, amma kalmar "fari" ita ce za ta kai yaran nan ta baro. Yaro ya ji fari, sai ya danna W a Lightroom, manhajar gyaran hoto, ɗan tsinken ɗaukar launi ya fito, ya dangwala shi a kan shaddar ango. Matsala biyu ke nan. Ta farko, farar shadda ba fara ba ce tsantsa: daga masaƙa akan sa mata sinadarin ƙara haske, mai wanki kuma ya ƙara da bula, duk suna janta wajen shuɗi. Manhajar za ta ɗauka hasken wurin ne shuɗi, ta zuba rawaya don ta kashe shi, fuskar amarya ta koma ruwan ɗorawa. Ta biyu, inda filasha ta doki rigar har wurin ya ƙone, babu bayanin launi a nan balle a auna. Abin da ake nema wuri ne mai ruwan toka wanda bai karkata ko'ina ba. A ba ango katin toka ya riƙe kusa da fuskarsa a hoton farko, a dangwala tsinken a katin, sannan a kwafe saitin zuwa sauran hotunan da aka ɗauka a haske ɗaya. Launin hasken ake aunawa, ba farin kaya ba. Ni dai "awon launin haske" zan ce.

Ɗan Fagge: Baba, kafin yaro ya gama faɗar wannan an tashi daga biki.

Malamin Nahawu: Alhamdu lillahi, Baba ya ba mu amsar bai sani ba. Me mai wanki yake yi in farar riga ta fara dafewa? Bula yake sa mata, shuɗi ya kashe rawaya, fari ya fito fes. Ai aikin ke nan. Sai mu ce bulantawa: na bulanta hoto, an bulanta shi, bulantaccen hoto. Kalma ɗaya tal, tana ɗaukar duk ɗafe-ɗafen harshe, kuma babu ƙamshin Turanci a jikinta.

Hajiyar Situdiyo: Allah ya gafarta Malam, bula hanya ɗaya take bi. Hoton da aka ɗauka a inuwar gini da hantsi shuɗi yake fitowa, rawaya yake nema. In ka ce wa yaro ya bulanta shi, ai ka ƙara wa Barno dawaki. Ga kuma doguwar fitilar nan ta ofis, mai zuba kore a fuska. Maganinta na biyu ne cikin layukan gyaran launi biyu na manhaja, wato Tint, a ja shi wajen ruwan hoda. Bula ba ta da ta cewa a nan.

Ɗan Fagge: Kuma Malam, ita kanta bular daga "blue" aka aro ta.

Malamin Nahawu: To, sai a ce shunantawa, daga shuni. Wannan kam namu ne, marinar Ƙofar Mata na nan ga mai musu.

Editan Fim: Ranku ya daɗe, a Zoo Road "wayit balans" ake cewa, ko "saita kala". Yaron nan in ya je neman aiki ya ce ya iya shunantawa, dariya za a yi masa. Ko mai biki, ka ce masa ka yi wayit balans sai ya biya ba ciniki, ka ce ka daidaita fari sai ya ga kamar da waya ka yi.

Malamin Nahawu: Ka ji ciwon. "Saita" aro, "kala" aro, kuma muna da launi a ajiye. Mun mai da harshenmu na talla da gaisuwa, in an zo sana'a sai mu ari bakin wani.

Editan Fim: Launi daga Larabci, hoto daga Turanci. Wanne ne na gado?

Malamin Nahawu: Aron da ya kwana ɗaruruwan shekaru ya zama ɗan gida. Naka jiya ya sauka a tasha.

Ɗan Sabon Gari: Kuma fa in za a yi kalma a tuna ba Kano kaɗai ake jin Hausa ba. Takardar nan za ta iya kaiwa Damagaram, inda allon kyamarar ma da Faransanci yake.

Mai Darasi, Zoo Road: Don Allah jama'a, mai ɗab'i ba ya jiran wannan shari'a. Ga wata ma: layin farko, wato Temp. In rubuta "zafin launi"?

Baban Kyamara: Kada ka kuskura ka sa shi ba bayani, nan ne tarkon. A ma'aunin Kelvin, kyandir wajen 1900 yake, ƙwan fitila mai ja 2700 zuwa 3200, rana tsaka wajen 5500, ranar da gari ya lumshe 6500, inuwa 7000 zuwa 7500. Wato lamba na hawa, hasken na ƙara shuɗi. Amma a manhaja in ka ja layin zuwa lamba babba, hoton rawaya yake ƙarawa, don kana gaya mata "hasken wurin shuɗi ne", ita kuma tana ramawa. Yaro ya ji "zafi" zai zaci jan haske ne mai babbar lamba. Gara ka kira layukan da abin da ido yake gani: shuɗi-da-rawaya, da kore-da-hoda. Ka kuma nuna musu bambancin fayil: a ɗanyen hoto layin farko lambar Kelvin yake nunawa, daga 2000 har 50000, domin saitin kyamara rubutu ne kawai a gefen fayil ɗin, ana canza shi ba asara. A JPEG kuwa, wato hoton da kyamara ta riga ta sarrafa, daga -100 zuwa +100 ne, launin ya riga ya dahu, in ka matsa masa sai fata ta yi dabbare-dabbare.

Hajiyar Situdiyo: A ƙara da abin da babu kalmar da za ta gyara shi. Ɗakin amarya, taga a buɗe, ƙwai mai ja a kunne: haske biyu ne, lamba ɗaya ba ta isa. Ka gyara fuska, labule ya yi shuɗi. Sai dai ka daidaita don fata, ka bi gefen taga da burushi ka gyara shi daban, ko tun wurin ɗauka a kashe ɗaya. Haka rumfar biki ja ko kore, tana zuba launinta a goshi da kumatu kawai. Sannan fitilun zauren biki masu araha: wutarmu 50 Hz ce, wato tana kai-komo sau 50 a daƙiƙa, suna ƙyaftawa sau 100 a daƙiƙa. Ka sa saurin ɗaukar kyamara a 1/250 na daƙiƙa ko fiye da haka sauri, hoto ɗaya kore, na bayansa hoda, kwafe saiti ba zai yi ba, sai bi ɗaya-ɗaya. A tsaya a 1/100 ko 1/50. Kuma kafin a zargi fayil, a duba ko allon kwamfutar yana kan yanayin dare, don shi ma rawaya yake zubawa.

Ɗan Fagge: Wannan zuba launin da Hajiya take ta faɗa, ai rini ne. Rumfa ta rina fuska. Fitila ta rina hoton.

Baban Kyamara: Yawwa! Rinin haske. Wannan ya fi duk abin da aka kawo yau, don ya nuna mai laifin.

Malamin Nahawu: Daga marinata dai aka ɗebo shi, a rubuta.

Mai Darasi, Zoo Road: Ga abin da zai tafi: "Idan haske ya rina hoto, daidaita fari kafin ka taɓa komai. A katin toka ake aunawa, ba a rigar ango ba." Sunan Turancin zai fito sau ɗaya a gefe, tunda shi za su gani a allo. Layukan biyu na bi Baba. Kelvin na bar shi Kelvin.

Baban Kyamara: "Fari" dai bai kwanta min ba, amma jimla ta biyun ta rage ɓarna.

Malamin Nahawu: Ban yarda ba, na dai yi shiru saboda Alhamis. In za a sake bugawa, a tuntuɓe ni kan shunantawa.

Editan Fim: Asabar da la'asar za ku ji abin da yaran suke kiran sa.