Me ya sa aka haɗa wa mahaifiyata warfarin da allura?

Ɗan Unguwar Rogo:
Assalamu alaikum. An kwantar da mahaifiyata a wani asibiti a nan Jos saboda jini ya daskare mata a jijiyar ƙafa, har ƙafar ta kumbura ta ƙi shiga takalmi. An ɗora ta a kan warfarin, amma aka riƙa yi mata allurar hefarin har kwana biyar. Tunda duka biyun na tsinka jini ne, mene ne amfanin haɗa su? Kuma da gaske ne sai ta bar cin ganye?

Mai Harhaɗa Magunguna:
Wa alaikumus salam, Allah ya ba Mama lafiya. A haƙiƙa warfarin ba ya tsinka jini, hanta yake rage wa hanzari. Ita ce ke ƙera sinadaran daskarar da jini masu lamba 2, 7, 9 da 10, waɗanda ba sa aiki sai bitamin K ya kammala su, kuma duk sa'ad da ya yi haka sai jiki ya sabunta shi domin ya sake amfani da shi. Wannan sabuntawar ce warfarin yake toshewa. Sai dai sinadaran da aka riga aka ƙera suna nan suna yawo a jini, mai lamba 2 ma yakan kai kusan kwana uku kafin rabinsa ya ƙare. Hefarin kuwa nan take yake aiki, shi ya sa yake riƙe mara lafiya kafin ƙwayar warfarin ta kankama.

Uwar Biyu:
Ɗana, shekara shida nake shan wannan magani kuma ban bar alayyahu da kabeji ba. Abin da likitana ya hana ni shi ne in ƙaurace wa ganye mako guda, sannan idan ya yi araha a kasuwar Farin Gada in cika kwano, domin bitamin K da ke cikinsa yana rage ƙarfin maganin. Ta riƙa cin gwargwado iri ɗaya, kuma kada ta fasa gwajin INR, wato gwajin da ke auna tsawon lokacin da jini ke ɗauka kafin ya daskare; nawa ana so ya tsaya tsakanin 2 da 3.

Mai Harhaɗa Magunguna:
Hajiya ta faɗi gaskiya, amma ni kemis ya fi tayar mini da hankali. Flagyl yana ƙara wa warfarin ƙarfi ƙwarai, asfirin da ibuprofen kuma suna jawo zubar jini a ciki. Idan ka ga haɓo da ya ƙi tsayawa, ko bayan gida baƙi ƙirin, ka kai ta asibiti a ranar.

Ɗan Unguwar Rogo:
Na gode ƙwarai. Jiya da dare ta nemi ibuprofen saboda ciwon gwiwa, yanzu na ɗauke shi daga ɗakinta har sai mun ga likita ranar Litinin.