Layin dogo na ƙaramin jirgin ƙasa na wasa a ɗakin saman bene a Jidda: wanne zan saya, yaya zan shimfiɗa?

Ɗan Sabil:
Assalamu alaikum. Ina da allon filawud santimita 244 da 122, kauri milimita 12, a ɗakin saman bene. Mukayyif (na'urar sanyaya ɗaki) ba ya aiki sai da dare. Ina son ma'aunin girma na HO, da dogayen taragon fasinja. Layi guntu-guntu ya fi, ko dogon nan mai lanƙwasuwa? Na kuma ga wani tsohon layi ruwan zinariya a haraji (kasuwar gwanjo) da araha. In ɗauka?

Malam Injiniya:
Wa alaikumus salam. Ruwan zinariyar nan farin ƙarfe ne na da, bar shi inda ka gan shi. Dattin da ke hawa kansa ba ya barin wutar lantarki ta wuce, a danshin Jidda kuwa kullum kana cikin goge-goge. Nemi layin nikel silba, mai ruwan azurfa, na kamfanin Peco ko Atlas. Ka kuma duba tsakiyar layin: in akwai ƙananan ƙusoshi a jere, na kamfanin Märklin ne, wutarsa daban, jirgin DC (mai amfani da wuta irin ta batir) ba zai tashi a kai ba.

HO ɗaya bisa 87 ne na girman jirgin gaske, tsakanin ƙarfe biyu milimita 16.5. Kod 100 na nufin tsayin ƙarfen milimita 2.5, yana ɗaukar tsofaffin ƙafafu masu zurfin baki. Kod 83 ya fi kyan gani, amma mai farawa ya riƙe 100.

Faɗin allonka ne matsalar. Kwana mai inci 18 daga tsakiya, wato santimita 46, za ta shiga a sake, sai dai tarago mai santimita 30 zai riƙa leƙo waje, wani ma ya goce. Mai inci 22 tana cin santimita 112, saura biyar kowane gefe, don haka ka kafa katanga ta roba a baki kada kan jirgi ya faɗo kan tayil. In kana tunanin gada kuma, ka manta da ita: hawa bai kamata ya wuce santimita 2 a kowace mita ba, tsallake layi yana son kusan santimita 8, mita huɗu ke nan hawa, huɗu sauka. In dogon jirgi kake so da gaske, ma'aunin N, wanda ya fi HO ƙanƙanta, ya fi dacewa da wannan allo.

Abu Safiyya (Makka):
Malam ya gama da zaɓi, ni zafin ɗakin ne ya dame ni. Sandar layi mai lanƙwasuwa santimita 91 ce. In zafi ya tashi da digiri 25 tsakanin dare da azahar, kowace sanda tana ƙaruwa da kusan milimita 0.4. Kamar ba komai, amma in ka like duk mahaɗai da dalma, ƙarin ba shi da wurin zuwa, sai layin ya bauɗe gefe ko ya ɓalle daga ƙananan haƙoran robar da ke riƙe shi.

A miƙaƙƙen wuri ka bar rata ta rabin milimita a kowace mahaɗa, kati mai ɗan kauri ya isa awo, kuma kada ka sa dalma. A kwana ne ake likewa: cire katakon gicciye biyu a kowane baki, haɗa sandunan suna miƙe, sa dalma, sannan ka lanƙwasa. In ka lanƙwasa kafin ka haɗa, gwiwa za ta fito a mahaɗar, nan ne jirgi zai riƙa sauka. Ƙarfen ciki zai zarce, yanke shi da almakashin yankan layi na kamfanin Xuron, ka goge baki da ƙaramin magagari. In a sanyin mukayyif kake aikin, ratar ta ɗan fi haka, domin da rana rufewa za ta yi.

Tunda mahaɗan a sake suke, kada ka dogara da su wajen wuta. Ja waya biyu masu kauri 1.5 (murabba'in milimita) a ƙarƙashin allo, ja da baƙa, kowace sanda ta samu siririyar wayarta, a like ta gefen waje na ƙarfen.

Baba Kafinta:
Ɗana, katako ma yana motsi, a Jidda har ya fi ƙarfen, saboda yana shan danshi da rana mukayyif ya busar da shi da dare. Shafa masa fenti sama da ƙasa da gefuna, ka tallafe shi da sanduna duk santimita 40. Ƙusa kuma kada ka danna ta har ƙarshe, tana lotsa katakon gicciye, ƙarafan su matso juna.

Tsakuwar da ake zubawa jikin layi kuwa, sai jirgi ya yi mako biyu yana zagayawa gaba da baya ba tangarɗa. Sannan farin gam na kafinta rabi, ruwa rabi, ɗigon sabulun wanke-wanke, a ɗiga da sirinji. Gam kada ya kusanci harshen mararraba.

Ɗan Sabil:
Allah ya saka da alheri. Ƙura fa, Baba? Samfefa zan sa?

Baba Kafinta:
A'a, tana karce ƙarfen, datti ya samu wurin zama. Ƙyalle da sifirit kawai, in ka gama wasa ka lulluɓe allon da zane.